Shawara ga masu haɗa kwamfutar zane da ƙaramin jari

Malam Edita,

Ina roƙon fili in ja hankalin masu zane da ke haɗa kwamfuta da kuɗi kaɗan. Da yawansu suna ƙarar da jarinsu a katin hoto (graphics card, sashen da ke sarrafa hoton da ke fitowa a allo) mai tsada, alhali manhajojin zane na Photoshop da CorelDRAW sun fi dogara ga firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) da RAM (ma'adanar wucin gadi ta aikin da ake kan yi). A ganina firosesa Ryzen 5 ko Core i5, da RAM 16GB, da SSD (ma'adanar fayiloli mai sauri) sun wadatar, in ban da mai aikin Blender (manhajar zanen 3D), wanda katin ya zame masa dole.

Abin da ya fi damuna shi ne allo, domin idan ba nau'in allon da ake kira IPS ba ne, mai nuna launukan sRGB (ma'aunin launi na kwamfuta) daidai, launin da aka zaɓa zai iya fitowa daban bayan bugawa.

Naka,
Mai karanta jaridarku