Rahoton ayyukan shekara daga sakatare zuwa ga mambobi, Damagaram

Assalamu alaikum ƴan uwa mambobi, dattawanmu da suka ajiye aiki da waɗanda ke bakin aiki har yanzu, na meteyo (ofishin yanayi) da na hasumiyar filin jirgin sama.

Ga rahoton shekarar da ta ƙare. Lissafin kuɗi yana cikin takardar ma'aji, shi zai karanta a babban taro. Abin da zan faɗa a nan shi ne waɗanda suka biya kuɗin wata cikakke ba su kai rabin sunayen da ke rajista ba, kuma duk aikin da za ku ga ya tsaya a ƙasa, daga nan matsalarsa ta taso.

An yi tarurrukan wata-wata, ban da biyu da mutane ba su cika ba. An je gaisuwar rasuwa da barkar suna yadda aka saba.

Taron 23 ga Maris

Abin da ya fi faranta rai a bana shi ne zaman da muka shirya ranar yanayi ta duniya. Mun haɗa masu lura da yanayi, da masu hasashe, da ma'aikatan hasumiya, da matuƙan ƙananan jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Yamai, Damagaram, Diffa da Agadas a ɗaki ɗaya, a kan tambaya guda: daga lokacin da mai lura ya ɗaga kai ya dubi sama zuwa lokacin da labarin ya shiga kunnen matuƙi, minti nawa ke wucewa, kuma me ke lalacewa a hanya?

An fara da misalin METAR, wato rahoton yanayin filin jirgi na sa'a-sa'a, da aka rubuta a allo don gwaji: DRZR 231200Z 07014KT 1500 DU NSC 38/03 Q1011. Kowa a ɗakin ya iya karanta shi. Amma da aka bi shi gaɓa-gaɓa, sai ga abubuwan da sabo ya sa ake mantawa. 1200Z ƙarfe 1 ne na rana a agogonmu, kuma matuƙin da ya karɓi wannan saƙo da ƙarfe 2 saura minti 10 yana riƙe da labarin da ya yi minti 50. Iskar da ke cikin METAR matsakaici ce ta minti 10, an auna ta daga arewa ta gaskiya, a tsayin mita 10. Wadda hasumiya ke ba mai sauka matsakaici ce ta minti 2, daga arewar kamfas. Idan suka sha bamban ba wanda ya yi kuskure, ta hasumiya ce ta sauka. Nisan gani na mita 1500 kuma nisan da mai lura ya gani ne a kwance yana tsaye a ƙasa. Matuƙin da ke gangarowa cikin ƙurar hunturu yana iya hango filin sarai lokacin da yake samansa, sai ya juyo ya fuskanci titi ya rasa shi, don yanzu a karkace yake ratsa kaurin ƙurar, balle in rana na gabansa da la'asar. Matuƙan sun roƙi a riƙa faɗa musu har inda ƙurar ta kai a sama idan wani jirgin ya riga ya ba da rahoto, kuma ƴan hasumiya sun ɗauki wannan.

An daɗe a kan SPECI, wato rahoto na musamman da ake fitarwa in yanayi ya canza kafin lokacin METAR, kuma ya cancanta. Ƙa'idar ta ICAO ce, hukumar zirga-zirgar jiragen sama ta duniya: in iska ta juya da digiri 60 ko fiye alhali ƙarfinta ya kai 10 KT (kusan kilomita 18 da rabi a sa'a), in ƙarfinta ya canza da 10 KT, in nisan gani ya ƙetare mita 3000, 1500 ko 800, in tsawa ko guguwar ƙura ta fara ko ta ƙare, ba a jiran sa'a ta cika. Inda ake asarar lokaci shi ne mai lura ya zauna buga saƙo a kwamfuta kafin ya kira hasumiya. Muka tsaya a kan cewa a fara ɗaga waya, a faɗa da baki, sannan a buga. Bangon ƙurar da ke gaban hadari yana iya mai da rana dare cikin ƴan mintoci, jirgin da ke kan gangara ba zai jira a gama rubutu ba.

Sai QNH, wato matsin iskar da matuƙi ke saita ma'aunin tsayinsa da shi, ana auna shi da hektopaskal. Hektopaskal ɗaya kusan ƙafa 28 ne. In matsin iska na gaskiya 1008 ne matuƙi ya ji 1018, ma'aunin tsayinsa zai nuna masa yana sama da inda yake da kusan ƙafa 280, wato yana ƙasa bai sani ba. A watan Mayun 2022, a filin Charles de Gaulle na Paris, an ba wani jirgi A320 1011 maimakon 1001, saura ƙafa 6 ya taɓa ƙasa tun bai iso titi ba. Wancan fili ne mai kayan aiki na zamani, sai a kwatanta da namu ranar da hazo ya rufe gari. Maganin ba ya cin ko dala: a faɗi lamba ɗaiɗai, matuƙi ya maimaita, na hasumiya ya saurari maimaicin da kunnensa biyu, kuma kowa ya gwada da QNH na saƙon da ya gabata. Matsin iska ba ya tsalle da 10 cikin sa'a ɗaya.

Wani dattijonmu da ya koyo aikin a makarantar koyon aikin yanayi da jiragen sama ta EAMAC da ke Yamai ya yi lissafin zafin bazara a allo. Filin Damagaram yana kusan ƙafa 1500 sama da teku, inda zafin ma'auni ya kamata ya zama digiri 12. Ranar da ya kai 42, bambancin 30 ne, kowane digiri kusan ƙafa 120, sai jirgi ya ji kamar daga ƙafa 5000 da ɗoriya yake tashi. Gudun da zai yi a titi ya ƙaru, hawansa ya ragu, dole a rage kaya ko mai. Shi ya sa zafin da aka ba matuƙi da ƙarfe 10 na safe ba ya yi masa amfani in tashin ya kai ƙarfe 2.

Da yamma aka koma kan na'urorin cikin jirgi. Radar da ke hancin jirgi ɗigon ruwa take gani. Busasshiyar ƙura ba ta fitowa a kanta yadda ya kamata, kuma ruwa mai ƙarfi yana cinye siginar, ya bar baƙin wuri a bayansa da zai yi kama da sarari alhali nan ne hadarin ya fi muni. Don haka ake ba gajimaren CB, wato na tsawa, tazarar mil 20 na teku. Aka tuna jirgin Air Algérie da ya tashi daga Wagadugu ranar 24 ga Yulin 2014 ya faɗi kusa da Gossi a Mali da mutum 116: yana cikin kauce wa hadari ne ƙanƙara ta toshe ma'aunan matsin injinansa, ba a kunna na'urar hana ƙanƙara ba. Manyan jirage suna karɓar METAR, TAF (hasashen yanayin fili) da SIGMET (gargaɗin mummunan yanayi a hanya) a rubuce ta ACARS, na'urar saƙon rubutu tsakanin jirgi da ƙasa. Ƙananan da ke sauka wurinmu galibi da kwamfutar hannu suke zuwa, su sauke labarin yanayi kafin tashi, da sun bar ƙasa intanet ta yanke, hoton ya tsaya cik a inda yake. A Amurka ana watsa hoton radar kyauta zuwa cikin jirgi a kan mita 978 MHz, amma ko a can hukumar binciken haɗurra ta yi gargaɗi a 2012 cewa hoton kan girmi lokacin da aka rubuta a jikinsa da minti 15 zuwa 20. Mu ba mu da wannan tsarin. Abin da muke da shi hoton tauraron ɗan'adam na Meteosat ne a ofishin hasashe, wanda ƙura ke fitowa a kansa da launin ruwan hoda, sai muryar na hasumiya. Layin hadarin damina da ke tahowa daga gabas da gudun kilomita 50 zuwa 60 a sa'a yana cin kusan kilomita 14 cikin minti 15. Labarin yanayi kamar ɗanyen nama ne a bazara, ba ya jira. Duk wanda ya ba matuƙi labari, ya haɗa masa da lokacin da aka ga abin.

Kwamitin shirye-shirye ya yi aikin da ya kamata a yaba. Su suka ɗauko kujeru, su suka buga takardu, kuma wasu daga aljihunsu.

Taswirar alamomin nisan gani

Ba a gama ba, kuma na ji ana cewa kwamiti ya yi sakaci. Ga yadda abin yake. Tsohuwar taswirar, wadda mai lura ke ƙiyasta nisan gani da ita, ta tsufa: gari ya matso, itatuwa sun girma sun rufe wasu alamomi, an kafa sababbin eriya. Sabuntawa na bukatar a tsaya a wurin lura, a zaɓi abu mai duhu wanda sama ke bayansa a kowace kusurwa, a je gindinsa da GPS a auna nisa, a ɗauki hoto, sannan a sake zagaye da dare don fitilun da ba sa mutuwa. Ana son alamomi kusa da mita 200, 600, 800, 1500, 3000, 5000 da kilomita 10, don nan ne hukunci ke canzawa. An gama gabas da arewa na rana. Yamma da kudu da dukan na dare suna nan, don kuɗin man babur ya ƙare. Izinin shiga mun samu ba wahala, masu aunawa ma a shirye suke. Rabin taswira kuwa ba a miƙa ta, domin mai lura zai gaskata gefe ɗaya ya yi ƙiyasi a ɗayan.

Masu sa ido na gabas

Wannan ya fi yi mini ciwo, don ya fara aiki. Mun samu masu sa kai a Mirriya, Gidimuni da Gure, yawanci malaman makaranta, da za su kira in hadari ko bangon ƙura ya wuce ta kansu, su faɗi abu huɗu: ƙarfe nawa, daga ina ya taso, da ruwa ko busasshe, kuma ana ganin gidan maƙwabci ko a'a. Gure ta fi kilomita 150 daga nan, wato gargaɗin kusan sa'a 3. Mirriya kusan kilomita 20 ce, minti 20 ke nan, kuma ya ishi jirgin da ke shirin sauka ya dakata. Na sake nanatawa, tunda an yi tambaya: kiran ɗan sa kai ba ya shiga METAR, ba kuma a miƙa wa matuƙi shi kai tsaye. Yana sa mai lura ya fita ya dubi gabas, mai hasashe ya koma kan hoton tauraro. Alkawarinmu gare su kuɗin kira ne kawai a salularsu. Mun cika a Yuni da Yuli, a tsakiyar Agusta asusu ya bushe, kira ya ɗauke, a daidai lokacin da damina ta fi ƙarfi. Ba za a ga laifinsu ba. Mutum ba zai kashe kuɗin cefanensa don jirgin da bai taɓa shiga ba.

Ɗan littafin fassarar alamun METAR da Hausa da Faransanci an rubuta shi, an duba shi, yana jiran kuɗin bugu.

Ga waɗanda ba a gani

Akwai mambobin da ke karanta kowane saƙo a zauren WhatsApp, ba sa amsawa, ba sa zuwa taro, ba sa biya, amma ranar raba takardar shaida ta 23 ga Maris sun riga kowa layi. Ma'aji ya bi wasu har ofis, ya bi wasu har gida, abin da ba aikinsa ba ne. Dattawan da ke jiran fansho suna biya a kan kari, masu albashi na cewa sai wata ya ƙare. Wanda ke cikin matsi ya faɗa wa shugaba a asirce, dokarmu ta tanadi sassauci, ba wanda zai ji. Wanda kuma ya gaji da ƙungiyar ya rubuto, a cire sunansa, mu san da mutum nawa muke lissafi.

Kwamiti zai kawo wa babban taro shawara biyu: a ware kuɗin masu sa ido na wata 5, Mayu zuwa Satumba, a ajiye shi daban kafin a taɓa komai, kuma a ƙarasa yamma da kudu na taswira kafin hunturu mai zuwa. Don a iya haka, bashin da ke kan kowa ya shigo hannun ma'aji kafin ƙarshen Afrilu. Za a liƙa sunayen waɗanda suka biya a ƙofar ɗakin taro.

Wassalamu alaikum.

Sakataren ƙungiya, Damagaram