Wasiƙa ga abokan cinikinmu masu motocin dizal: ba kowace girgiza ce ta alaimen ba

Assalamu alaikum, Alhazai da Hajiyoyi, da 'yan'uwanmu direbobi.

Muna gaishe ku da fatan alheri. Abin da ya sa muka rubuto muku shi ne, ana yawan kawo mana mota a ce tana girgiza, alhali mai ita ya riga ya kai ta alaimen, wato daidaita saitin tayoyi, ya biya kuɗin balansin taya, wani ma har ya sayi sababbin tayoyi, kuma girgizar tana nan. Wannan asarar tana damunmu, domin kuɗin ya tafi inda ciwon ba ya nan.

Injin dizal ba shi da fulogi. Iska yake matsewa har ta yi zafin da man zai kama da kansa, kuma matsin yakan kai ninki 15 zuwa 20, alhali na fetur bai cika wuce 12 ba. Shi ya sa bugunsa ya fi nauyi. Inji mai silinda huɗu da ke silo, wato yana aiki ba a taka totur ba, a juyi 750 a minti yana bugu sau 25 a kowace daƙiƙa. Abin da ke tsakanin wannan bugu da kujerar da kuke zaune a kai shi ne injin sit, robar nan mai haɗe da ƙarfe wadda inji da giyabos ke zaune a kanta. Wata roba ce zalla, wata kuma da ruwa a cikinta, musamman a motocin zamani. In ta gaji, aikin da take yi sai ya koma kan jikin mota.

A Kaduna kuwa da wuri take gajiya. Zafin Maris da Afrilu yana busar da roba har ta tsage, ramukan damina suna fizgar ta, ga lodi ga masu Hilux da Hiace da ke bin hanyar Kachia ko Birnin Gwari. Amma babban abin da ke kashe ta a wurinmu shi ne yoyo. Baƙin mai ko man dizal in yana ɗiga a kan roba, sai ta kumbura, ta yi laushi, ta zauna. Don haka daga yanzu ba za mu ɗaura sabon sit a ƙarƙashin injin da ke yoyo ba sai an toshe yoyon. Mun san wasu za su ga kamar neman ƙarin aiki muke, amma ba za mu iya karɓar kuɗinku a kan abin da muka san ba zai daɗe ba.

Kafin ku zo, ku lura da lokacin da motar ke girgiza. In tana tsaye a cunkoson Kawo ko na Kasuwa, sitiyari da madubi suna rawa, kuma da an ɗan taka totur ta lafa, to tayoyi ba su da laifi, tunda ba sa ma juyawa. Haka in an ji ƙarar bugu lokacin tayar da inji, ko kashe shi, ko sa ribas. In kuwa sai an hau hanyar Zariya, gudu ya kai kilomita 80 zuwa 110, sannan sitiyari ya fara rawa, wannan yawanci balansin taya ne ko rim da ya lanƙwashe. Alaimen shi kuma alamarsa daban: mota tana ja gefe guda, taya tana cinyewa ta ɓari ɗaya.

Akwai wani daidaito da ba a cika maganarsa ba, wato zaman injin kansa. Sit ɗaya in ya zauna, inji sai ya karkata, shaft ya fara aiki a karkace, mota ta riƙa karkarwa lokacin ɗaukar wuta. Salansa, wato bututun hayaƙi, tana tsagewa a wuya, tiyon lagireto yana jawuwa, wani lokaci fanka ta taɓa murfinta. Ko sabon sit ne, in aka ɗaure notinsa tamau inji yana rataye a kan jak, robar za ta zauna a murɗe, ta fara mutuwa tun ranar farko. Mu muna sa noti sako-sako, mu sauke nauyin inji ya zauna da kansa, sannan mu ɗaure da sifana mai awo. Yana ɗaukar lokaci, don Allah a yi mana haƙuri ranar da muke wannan aiki.

Ba kullum ne sit ke da laifi ba. Nozul da ba ya fesa man dizal daidai, ko fulin gaban inji da robarsa ta saki, suna kawo girgiza iri ɗaya, kuma su ne ke cinye sabon sit. Shi ya sa muke gwaji tukuna a gaban mai mota: a buɗe bonet, a ja hambirki, a danne birki, a sa giya gaba da baya, a ga yadda inji ke ɗagawa. Kada a gwada wannan a gida da mutum tsaye gaban mota.

Sai maganar kaya. Wanda zai sayo da kansa a Panteka, ya tafi da lambar injin, ya tabbatar na dizal aka ba shi. Na fetur yakan yi kama da shi har ya shiga wurin, amma taurin robar ba ɗaya ba ne. Sit mai ruwa na tokumbo a duba shi da kyau, in akwai alamar ruwa ya tsiyaye a bar shi. Cusa robar taya ko yi wa sit walda kuwa ba ma yi a garejinmu, domin girgizar tana komawa kan ƙarfen da ke riƙe da inji har ya tsage.

Duk wanda ya kawo mota juyen mai, za mu duba masa sit ɗin inji da na giyabos ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuma duk wanda muka cire za mu miƙa masa ya gani da idonsa.

Allah Ya tsare hanya, Ya sa albarka a sana'o'inku.

Naku,
Shugaban gareji da sauran ma'aikata, Kaduna