Mu koma tafiyar ƙasa saboda ciwon suga

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili in yi wa 'yan'uwana Kanawa magana kan ciwon suga. Bara aka gano shi a jikin yayana, ɗan kasuwa a Kantin Kwari, wanda wuni yake yi a zaune, ga shayi mai zaƙi, ga lemon kwalba. Abin ya girgiza ni.

A da daga Gwale zuwa Kurmi da ƙafa muke zuwa. Yanzu ko Ƙofar Mata mutum za shi daga Wambai, sai ya tsayar da Adaidaita Sahu. Alhali idan ana tafiya, tsokar jiki ce ke zuƙe sugan da ke cikin jini, musamman bayan cin tuwo ko shinkafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar.

Ni bayan asuba nake fita, kafin rana ta ɗaga. Roƙona ga gwamnati, ta kwashe kayan tireda daga gefen titi, domin iyayenmu mata su samu inda za su taka ba fargabar mota.

Wassalam,
Mai karatunku daga Gwale, Kano