Wasiƙa zuwa ga ɗana a Ingila kan maganar yaron nan

Ɗana,

Assalamu alaikum. Saƙonka ya iso cewa kun rabu da uwar yaron, har ta fara hana ka ganinsa. Faɗan haihuwa ba aure mun riga mun yi, tuba kuwa tsakaninka da Ubangijinka ne. A fiƙihun Malikiyya ba a jingina irin wannan ɗa ga uba, amma a Ingila kake, kotun can kuma da dokar yara ta 1989 take aiki, wadda ta fifita maslahar yaro a kan son ran iyayensa.

Fara da takardar haihuwa. A Ingila da Wales uwa tana da ikon iyaye tun ranar da ta haihu. Uban da bai aure ta ba sai idan sun yi rajista tare an sa sunansa, kuma wannan ya shafi rajistar da aka yi daga 1 ga Disamba 2003. In sunanka na ciki, kana da ta cewa kan makaranta, magani, sauya suna da fita da shi waje. In babu, ko ku sake rajista tare, ko ku sa hannu a yarjejeniyar ikon iyaye, ko ka nema a kotu. In ta ce ba ɗanka ba ne, kotu na iya umartar gwajin ƙwayoyin halitta (DNA). Sai dai ka sani, wannan ikon shi kaɗai bai yanka maka ranakun ziyara ba.

Kotu ba ta karɓar ƙara sai ka halarci zaman farko da mai sulhu, in ba akwai hujjar duka ko cin zarafi ko wani uzurin da doka ta yarda da shi ba. Ka je da tsari a rubuce, kada ka je da ƙorafi: wace rana, ƙarfe nawa, ina za a miƙa yaron, wa zai mayar da shi, yaya za a yi da Sallah da hutun makaranta. Yaro ƙarami an fi yarda a fara da awa biyu ko uku sau da yawa a mako, kwana ya biyo baya. Wanda ya buɗe baki da neman rabin mako a kan jaririn da ke shan nono, ya nuna wa kowa bai san reno ba.

In sulhu ya ƙi, sai ka cike fom C100, takardar neman kotu ta tsara maka ganin yaron. Kuɗinsa ya haura fam 250, ana kuma rage wa mai ƙaramin ƙarfi. Kafin zaman kotu na farko ma'aikacin Cafcass, hukumar da ke ba kotu shawara kan maslahar yara, zai bincika sunayenku wurin 'yan sanda da ƙaramar hukuma, ya kira kowannenku a waya. A nan maza da yawa ke ɓata wa kansu ƙara. Mutum ya yi rabin awa yana zagin uwar, bai faɗi abincin da ɗansa ke so ko lokacin barcinsa ba. Duk saƙon da ka tura mata a WhatsApp, ka ɗauka alƙali zai karanta. Kada ka je ƙofarta ba da izininta ba, domin tana iya samun umarnin hana ka kusantarta, daga nan ziyararka ta koma cibiyar da ake sa ido. Ko hakan aka ba ka, ka karɓa, ka riƙa zuwa a kan lokaci, da shi ake hawa mataki na gaba.

Ciyarwa daban, ziyara daban. Kada ka riƙe kuɗi don an hana ka ganinsa. Ga mai samun fam 200 zuwa 800 a mako, lissafin hukumar kuɗin ciyar da yara kashi 12 cikin 100 ne na albashi kafin haraji, a kan ɗa ɗaya. Mai fam 500 zai ba da 60 ke nan. In yaron na kwana wurinka dare 52 zuwa 103 a shekara, ana rage kashi ɗaya cikin bakwai. Ka biya ta banki, ka rubuta dalilin biyan, kuɗin hannu ba shi da shaida.

Na ji wasu 'yan uwa na cewa ka ɗauko shi ka kawo mana. Kul! Fita da yaro ɗan ƙasa da shekara 16 daga Birtaniya ba da yardar uwarsa ko kotu ba laifin satar yaro ne, hukuncinsa na iya kai shekara 7 a kurkuku. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Heg ta 1980 kan mayar da yaran da aka sace, shi ya sa alƙali ke ɗar-ɗar da ba da izinin ko da hutu ne. Furta wannan barazana cikin fushi ma ya isa a hana ka fita da shi.

Ka ɗauki hoton takardar haihuwar ka turo mini kafin Juma'a. Mahaifiyarka na gaishe ka, ta ce ka haɗa da hoton yaron.

Mahaifinka