Shirun mai gona yana da wa'adi a gaban alƙali

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin 'yan'uwana mazauna karkara kan wa'adin da shari'a ta ɗibar wa mai neman haƙƙinsa, wanda da yawa daga cikinmu ba ma jin labarinsa sai ranar da muka tsaya gaban alƙali.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne shari'ar gonar baffana. Marigayin ya ba wani maƙwabcinsa aron gona da baki, a gaban dattawa biyu, lokacin da ciwo ya hana shi noma. Ya warke, yana gari, yana ganin mutumin yana shuka gero da gyaɗa duk damina, har ya dasa mangwaro ya haƙa rijiya, amma kara ta hana shi cewa uffan. Da Allah Ya yi masa rasuwa, magada suka nemi gonar, sai aka ce musu ai saye aka yi. Dattawan nan biyu sun riga mu gidan gaskiya, babu takarda, kuma an haura shekara 10 gonar tana hannun mutumin. A nan ne muka fara jin kalmar hauzi, wato daɗewar gida ko gona a hannun mutum ba tare da mai ita ya yi magana ba.

A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'ar Musulunci na Kano da Jigawa suke bi, wanda ya riƙe gida ko gona shekara 10 yana juya ta kamar tasa, alhali mai ita yana nan, ya sani, kuma babu abin da ya hana shi magana amma ya yi shiru, to ba a sauraren da'awarsa bayan haka. Wannan yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin da ake karantawa a zaurukanmu tun kaka da kakanni, kuma a nan ne aka bayyana cewa wannan tsawon lokaci bai isa hauzi tsakanin dangi da surukai ba. Hauzi ba ya cin aro ko jingina ko haya ko amana, amma fa sai an tabbatar wa alƙali cewa da haka gonar ta shiga hannu. Abin da ya gagare mu ke nan. Ban zargi alƙali ba, domin da abin da aka gabatar masa ya yi hukunci.

Dokokin ƙasa ma suna da nasu wa'adin, wani ma gajere ne ƙwarai. Wanda jami'in gwamnati ya cuta a bakin aikinsa, galibi wata 3 kacal dokar kare jami'an gwamnati ta ba shi ya shigar da ƙara, ɗan takarar da ke ƙalubalantar sakamakon zaɓe kuwa kwana 21. Bashi ma yana da wa'adinsa a babbar kotu, ko da yake a addini nauyinsa ba ya sauka daga wuyan mutum komai daɗewa. Manyan laifuffuka irin su kisan kai ne tsufa ba ya kashe tuhumarsu.

Abin da ya fi damuna shi ne, mu a ƙauye watanni sukan tafi a sintiri tsakanin mai unguwa da dagaci da hakimi ana neman sulhu. Sulhu alheri ne, ba na ƙinsa, sai dai kwanakin ba sa tsayawa jiran sa. Saboda haka nake roƙon iyayen ƙasa su riƙa rubuta duk wani aro ko jinginar gona da sa hannun shaidu, a sabunta takardar idan shaida ya rasu, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni a rubuta bashi.

Ku kuma, ranka ya daɗe, ina roƙon ku gayyato lauya da malamin fiƙihu su fayyace mana da Hausa wa'adin bashi da na fili a dokar Kano da ta Jigawa, tun kafin damina ta faɗi a sake ba da aron gonaki.

Wassalam.

Naku,
Wani manomi daga karkarar Ringim, Jihar Jigawa