A nemo tallafin gyaran tsohon fot na Kumasi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ranar Asabar na kai jikokina fot ɗin nan, wato tsohon sansanin soja na unguwar Adum a Kumasi, wanda yanzu gidan tarihin sojoji ne, muna shiga ƙofa ƙaramin ya dafa dutsen bango yace Kaka wai wa ya ɗauko wannan? Nace masa Turawan Ingila ne suka gina shi a 1897, kuma nan ne Yaa Asantewaa, sarauniyar garin Ejisu, da mayaƙan Asante suka yi wa gwamnan Turawa Hodgson ƙawanya a 1900, da sojojinsa Hausawa a cikin fot ɗin fa, to kaga mu ƴan zango tarihin nan harda mu.

Roƙona shine gwamnati da masu hannu da shuni su nemo kuɗin tallafi a riƙa gyara shi, gini sama da shekara 120 a garin da damina biyu ke dukansa duk shekara ai dole ya so kulawa. Amma don Allah in kuɗin ya samu kar a lafta masa siminti. Ni magini ne, siminti yana riƙe danshi cikin tsohon dutse har ya ruɓar da shi, farar ƙasa da yashi ake sawa bango ya sha iska.

Naku,
Wani magini daga Aboabo, Kumasi