A duba alamar fim kafin a kai yara silima

Ranka ya daɗe Edita,

Ina kira ga iyaye a Gombe masu kai yara kallon finafinan dodanni da tsafi a lokacin hutu: a fara duba alamar Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa, mai nuna waɗanda fim ya dace su kalla. G na kowa ne, PG sai da babba a gefe, 12 kuwa na ɗan shekara 12 zuwa sama ne, ba na ɗan shekara 6 ba, ko da fim ɗin zane ne (katun).

A zauna a layukan baya, kusa da hanyar fita, don ƙarar lasifika da duhu sun fi dodon firgita yaro. Wasu finafinan nan suna kai awa 2, don haka a kai shi ban-ɗaki tun kafin a fara, a riƙo masa rigar sanyi saboda sanyin ɗakin kallo. Kallon bayan Azahar ya fi, na dare yana jawo mafarkin tsoro.

Wassalam,
Mai karatu, Tudun Wada, Gombe